Soja Ya Dawo Hutu Ba Lafiya: Kada Ku Ɓoye Shi a Gida

Wata 'yar'uwa daga Kauru ta rubuto tana cewa: "Maigidana kofur ne, shekararsa 8 a aikin soja, mafi yawansu a Borno ya yi su. Ya zo hutu, amma wanda ya dawo mana ba shi ne wanda muka sani ba. Ba ya barci sai gab da asuba. In babur ya yi ƙara sai ya zube ƙasa. Yara ba sa iya wasa kusa da shi. Ranar komawarsa ta wuce, ya ce shi ba inda za shi. Yayyensa sun ce iska ce, a bar shi a gida a yi masa magani, kada bariki su ji su ce ya haukace su kore shi ba ko sisi. Ni kuma ina tsoron abin da zaman nan zai jawo. Idan aka sallami soja saboda ciwon ƙwaƙwalwa, yana da wani haƙƙi kuwa?"

'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Tsoronki yana kan hanya. E, yana da haƙƙi, har ma zai iya samun fansho ko da bai kai shekarun fansho ba. Sai dai wannan haƙƙin na wanda likitocin soja suka duba suka sallama ne. Zaman da yake yi a gida yanzu, ba izini ba takardar asibiti, shi ne hanya mafi sauri ta rasa komai. Na yarda yayyensa kare shi suke son yi, amma shawararsu za ta kai shi daidai inda suke gudu.

Bari in yi miki bayanin dalili. Barin aikin soja iri-iri ne. Akwai wanda ya cika shekarunsa, waɗanda iyakarsu 35. Akwai wanda ya nemi sallama da kansa aka ba shi. Akwai wanda kwamitin likitoci ya duba ya ce lafiyarsa ba za ta ƙara ɗaukar aikin ba. Sannan akwai wanda aka kora bayan shari'a, ko a gaban kwamandansa ko a kotun soja. Ukun farko kowa yana fita da takardar sallama da abin da ya cancanta. Na huɗun kuwa yawanci hannu rabbana yake komawa gida: ba garatuti, ba fansho, ba katin asibiti, ga kuma tabon kora da zai bi shi duk inda ya je neman aiki.

Dokar Rundunonin Soja ta Nijeriya ta jera laifuffuka ɗaya bayan ɗaya. Sashe na 54 rashin ladabi ga na gaba, na 55 faɗa da tayar da husuma, na 59 rashin zuwa aiki ba da izini ba, na 60 gudu daga aiki, na 64 buguwa, na 65 ta'ammali da ƙwaya. Ki sake duba jerin nan da kyau. Kusan duk abin da ciwon nan yake sa mutum ya yi, dokar ta riga ta ba shi suna na laifi. Wanda barci ya gagara sai ya nemi abin da zai sa shi barci. Wanda zuciyarsa ke kusa sai ya ɗaga wa saje murya. Wanda jikinsa ke rawa in ya tuna daji sai ya ƙi komawa. A idon hukuma, abin da ke raba majinyaci da mai laifi takardar likita ce mai ɗauke da kwanan wata, kuma gwargwadon yadda kwanan watan ya zo da wuri, gwargwadon ƙarfinta. Yanzu haka a littafin bataliyarsa ba a rubuta "ba shi da lafiya" ba. An rubuta bai dawo ba. In aka ci gaba da haka za a tsayar da albashi, daga nan a sa sunansa cikin waɗanda suka gudu.

Saboda haka abin yi a wannan makon, ba mako mai zuwa ba, shi ne a kai shi asibitin soja. Daga Kauru ku fita Pambeguwa ku kama hanyar Kaduna, ku nufi asibitin sojoji na 44. In kuna ta ɓangaren Chawai ne, barikin Rukuba da ke kusa da Jos, hedikwatar Runduna ta 3, zai iya fi muku kusa. Ba sai ya koma Borno kafin a san da shi ba. Sojan da ciwo ya kama yana hutu zai iya kai kansa asibitin soja mafi kusa, su kuma su aika wa bataliyarsa sigina cewa yana hannunsu. Ki roƙa a yi hakan, ki kuma nemi a nuna miki an yi.

Yana iya ƙin shiga bariki, don wasu da sun ga kaki da shingen bincike sai ciwon ya motsa. In haka ta faru kada ku tsaya jayayya, ku wuce Asibitin Ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ko sashen masu wannan lalura a asibitin koyarwa na Shika ko na Jos. A buɗe masa kati, likita ya gan shi, ku nemi rahoto a rubuce mai hatimi. Sai wani babba a gidan ya ɗauki rahoton ya kai asibitin soja, a kuma rubuta wa kwamandan bataliyarsa wasiƙa gajeriya: sunansa, lambarsa, muƙaminsa, ranar da hutu ya ƙare, inda yake kwance, ga kwafin rahoton likita. Ku riƙe kwafi ɗaya wanda aka buga wa hatimin karɓa. Kiran waya ba ya shiga fayil. Abokin aikinsa da ya ce "bari zan gaya wa oga" yana iya mantawa, ana iya canza masa wurin aiki, ana iya kai musu hari gobe.

Kwanakin da ya riga ya ƙara fa? Ana iya tuhumarsa a kansu, ba zan ɓoye miki ba. Amma tsakanin sashe na 59 da na 60 akwai tazara mai faɗi, kuma niyya ce ta raba su. Mai gudu shi ne wanda ya tafi da nufin ba zai dawo ba. Mutumin da iyalinsa suka kawo da ƙafarsu, riƙe da takardar asibiti, ya nuna ba wannan ce niyyarsa ba. Wanda kuwa 'yan sandan soja suka zo suka ɗauka a gona bayan wata shida, da me zai kare kansa?

Ban ce a bar addu'a ba. Malam ko fasto, duk wanda gidanku ya dogara da shi, ya ci gaba da roƙa masa sauƙi, ya bi shi har gadon asibiti in ya samu hali. Abu biyu kawai nake roƙo. Kada a ce ya ajiye maganin likita har sai an gama na gida. Kada kuma a kai shi inda ake ɗaure mutane da mari. Mutanen jihar Kaduna ba su manta da abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa a watan Satumba na 2019 ba, lokacin da aka fito da mutum sama da 300 daga gida guda, wasu da sarƙa a ƙafa. Mutumin da ya kwana a rami yana jiran hari, in aka ɗaure shi a ɗaki mai duhu, ƙara masa ciwon aka yi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tsaya ne a kan cewa mai wannan lalura majinyaci ne mai mutunci da haƙƙi kamar kowa.

Ni ba zan yanke abin da ke damunsa daga wasiƙa ba, aikin likita ne. Amma alamomin da kika lissafa sun yi kama da ciwon firgita da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da PTSD. Mutum ya ga abin da ya fi ƙarfin zuciya, jiki ya bar wurin amma ƙwaƙwalwa ta ƙi yarda an bar shi. Sai mugayen mafarkai, da zabura, da gudun mutane, da fushin da ba dalili. Sau da yawa baƙin ciki mai zurfi yana haɗuwa da shi. Wani kuma bam ne ya tashi kusa da shi ya girgiza ƙwaƙwalwar ba tare da jini ya fita ba, don haka ki gaya wa likita in ya taɓa ba ki labarin irin wannan, ko yana kukan ciwon kai da ƙarar kunne da mantuwa. Likitocin Amurka sun shigar da ciwon cikin kundinsu a 1980 bayan yaƙin Biyetnam, amma mu nan mun daɗe da ganinsa. Kudancin Kaduna ƙasar sojoji ce, da wuya ka shiga ƙauye ba ka tarar da tsohon soja ba, daga 'yan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 har waɗanda suka je Laberiya da Saliyo. Da yawansu an yi musu shaidar zafin rai ko shaye-shaye har suka koma ga Allah, ba wanda ya taɓa tambayarsu me suka gani. Yau rundunar da kanta ta san da ciwon. A 2022 ƙungiyar matan manyan hafsoshin tsaro ta aza harsashin cibiyar kula da masu shi a Giri, kusa da Abuja, kuma akwai likitocin ƙwaƙwalwa a manyan asibitocin soja.

Ki kuma kwantar wa yayyensa hankali da wannan: ganin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin an gama da aikin mutum. Ana jinya a warke a koma. Ana iya sauke masa nauyi, a ba shi aikin da ba na fagen daga ba. Sai an ga magani ya yi iyakar yinsa ba a samu yadda ake so ba, sannan ake kai maganar gaban kwamitin likitoci.

In ta kai ga haka, to nan ne wurin da za ku buɗe ido. Kwamitin zai amsa tambaya uku: me ke damunsa, zai iya ci gaba da aiki, kuma aikin ne ya jawo ciwon ko ya tsananta shi. Ta ukun nan ita ce abincin 'ya'yanki. A tsarin soja sai mutum ya yi shekara 10 yake shiga sahun masu fansho, maigidanki kuwa 8 gare shi. In ya fita ta hanyar neman sallama da kansa, abin da zai samu kuɗin sallama ne na lokaci guda, shi ke nan. In kuwa kwamiti ya tabbatar da nakasa ta dalilin aiki, ya yanka mata kaso cikin ɗari, to ana iya biyansa duk wata har ƙarshen rayuwa. Wannan ba zato ba ne. A watan Satumba na 2024 rundunar sojan ƙasa ta sanar da sallamar wata soja mace bisa dalilin lafiya, bayan binciken da ya haɗa da na ƙwaƙwalwa. Ita dai ta musanta cewa tana da lalurar, kuma maganar ta taso ne daga ƙorafin cin zarafi da ta yi a kan wasu manyanta, wannan wani babi ne dabam mai nauyin kansa. Abin da ya shafe ki shi ne bayanin da kakakin rundunar na lokacin, Manjo Janar Onyema Nwachukwu, ya yi a bainar jama'a: duk da ba ta cika shekara 10 ba, an ba ta kaso 50 cikin ɗari na nakasa, za ta riƙa karɓar fansho duk wata muddin rai, an kuma biya ta sauran kuɗaɗen barin aiki. Ke nan hukuma da bakinta ta nuna ƙofar tana nan.

Don haka ki gaya masa, ki kuma gaya wa duk wanda zai raka shi: kada ya sa hannu a takardar neman sallama don kawai ya huta da zirga-zirga. Mai wannan ciwon abin da ya fi so a duniya shi ne a ƙyale shi. In wani ya ce masa "rubuta ka ajiye aiki, cikin wata biyu ka gama, ka tafi gida," zai ji kamar an sauke masa dutse daga ka. Ranar da kuɗin suka ƙare ne zai gane abin da ya bari. Duk takardar da aka miƙo, a karanta, a ɗauki hotonta da waya, a kwana a kanta in da hali.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin shiga gaban kwamiti tun yau ake fara shi, kuma rabinsa a hannunki yake. Ki sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, ki riƙa rubuta abin da kike gani da kwanan wata: daren da bai runtsa ba, ranar da ya ɓuya don ƙarar wani abu, abin da yake faɗa cikin barci. Ki rubuta kuma yadda yake a da, kafin a tura shi arewa maso gabas. A ranakun da ya samu natsuwa, ku zauna tare da wanda ya yarda da shi a jera tarihin aikinsa: shekarar da ya fito daga Daffo, wurin horon sabbin sojoji a Zariya, bataliyoyin da ya zauna, garuruwan da aka kai shi, tsawon zamansa a kowanne ba canji, hare-haren da ya tsira daga cikinsu, da abokan aikin da suka shaida. Kada a matsa masa ya ba da labarin abin da ya gani dalla-dalla, wannan a bar wa likita. Suna da wuri da lokaci sun isa.

Dalilin wannan wahala shi ne akwai amsar da ta fi kowace sauƙi ga mai son rufe fayil: "da ma can da abinsa ya shigo." Ba a nan kaɗai ake yin ta ba. A Amurka, tsakanin 2001 da 2010, an sallami sojoji sama da 30,000 da hujjar cewa matsalar hali ce da suka taso da ita, hujjar da ta hana da yawansu kuɗin nakasa. Sai da tsofaffin sojoji suka yi ta ƙara da ƙorafi, a 2014 sakataren tsaron ƙasar, Chuck Hagel, ya umarci kwamitocin bita su riƙa sassautawa in tsohon soja ya kawo shaidar cewa ciwon firgita ne ya jawo abin da aka kore shi a kai. Amsarku ga irin wannan magana tana cikin fayil ɗinsa. Likitocin soja ne suka gwada shi kafin a ɗauke shi suka ce lafiyarsa ƙalau. Ya yi shekara 8, har an ɗaura masa igiya biyu. In an tambayi ko akwai mai irin lalurar a dangi, a faɗi gaskiya, amma a ƙara da cewa shi dai lafiya ya shiga, lafiya ya yi aiki, har zuwa wuri kaza a shekara kaza.

Akwai wani abu da ke kayar da sojoji da yawa a gaban likita, wato tarbiyyar bariki. An koya masa in babba ya tambaye shi ya yake, ya ƙame ya ce lafiya lau. Likitan kuma hafsa ne. Sai ka ga mutumin da ya kwana yana kuka ya shiga ofis ya sara ya ce ba komai. Ki nemi a bar ki ki shiga tare da shi, ko a ba ki minti biyar ke kaɗai. Ya faɗi komai, har da abin da yake jin kunya. In ya fara shan tiramadol ko wiwi ko burkutu don ya samu barci, gara likita ya ji daga bakinsa tare da lokacin da ya fara, a rubuta shi cikin tarihin ciwo, da a gano shi a gwajin fitsari ranar da ya yi faɗa da wani. Kada kuma ya ƙara gishiri. Ƙaryar ciwo laifi ce a sashe na 63, likitocin nan kuma sun ga iri-iri.

In an sallame shi ta hannun likitoci, fayil ɗinsa zai wuce Hukumar Fanshon Soja da ke Dutsen Alhaji a Abuja. Tun 2011 aka cire sojoji daga tsarin fanshon adashi na sauran ma'aikata, saboda haka ba ruwanku da kamfanonin fansho, gwamnati ce ke biya kai tsaye, kuma sashe na 173 na tsarin mulkin 1999 ya kare haƙƙin fanshon ma'aikacin tarayya. Kafin ya bar bariki ku tabbatar kun riƙe takardar sallama wadda ta faɗi dalilin sallamar a fili, da sakamakon kwamitin likitoci mai nuna kason nakasa, da takardar albashinsa ta ƙarshe. Ku tambayi ofishin kuɗi a kan kowane ɗaya daga cikin waɗannan: garatuti, kuɗin hutun ƙarshe, kuɗin kwashe kaya, abin da aka riƙa cira daga albashinsa na inshorar NAWIS da asusun taimakon juna, da alawus ɗin SDA da ake ba wanda ya bar aiki. Kowanne da takardarsa, kuma ba lallai su fito rana ɗaya ba.

Abin da na fi so ki riƙe da hannu biyu shi ne rajistar DHML, kamfanin inshorar lafiya na sojoji, wanda ke ɗaukar 'yan fansho ma. Ciwon nan na dogon zango ne. Kuɗin magani da na mota daga Kauru zuwa Kaduna duk wata suna iya cinye fanshon kofur, kuma da yawa a nan suke yanke jinya. Ku zaɓi asibitin da za ku iya zuwa, ku tambayi yadda ake samun takardar turawa zuwa Barnawa. Ku kuma tambaya ko zai samu gurbi a cibiyar koyar da sana'a ta masu barin aikin soja da ke Oshodi a Legas, in likitansa ya ga zai iya.

Ƙananan abubuwa biyu suna riƙe kuɗin mutane shekara da shekaru. Na farko saɓanin suna. A takardar soja Mohammed, a banki Muhammadu, a katin ɗan ƙasa an ƙara Kauru a ƙarshe, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. A daidaita NIN da BVN da takardar aiki tun yana cikin kaki. Na biyu magaji. Yawancin samari suna shiga soja kafin aure, sai su rubuta uba ko wa, su manta. Ki bincika cikin hikima ko sunanki da na yara sun shiga fayil. Wannan ba kwaɗayi ba ne, kare marayu ne tun kafin a yi su, Allah ya nisanta. Bayan haka, duk lokacin da hukumar fansho ta kira tantancewa kada ya wuce shi, don wanda bai bayyana ba ana dakatar da kuɗinsa. Duk kuma wanda ya bugo waya ya ce shi ma'aikacin hukumar ne, a ba shi wani kaso ya fito da fayil, ɓarawo ne.

Na san akwai masu karanta wannan shafi da nasu ya riga ya faru, an kori ɗansu ko mijinsu, sai daga baya aka gane ciwo ne. Hanyarku ta fi tsawo, amma ba a rufe take ba. Sashe na 179 na dokar soja ya ba ƙaramin soja damar kai kuka a rubuce ta hannun kwamandansa zuwa sama, kuma kotu takan so ta ga an bi wannan matakin kafin a zo gabanta. Hukuncin kotun soja ana ɗaukaka shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Rigimar sallama da haƙƙoƙin aiki kuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke saurare, tana da reshe a Kaduna. Ku yi sauri, don akwai dokar da ta ba mai ƙarar jami'in gwamnati wata 3 kacal, lauyoyin gwamnati kuma da ita suke fara kare kansu. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya je ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam a Kaduna. Ku tattara duk wani tsohon katin asibiti da ke nuna ciwon ya riga laifin. Rundunar ta taɓa waiwayar hukuncinta: a 2015, bayan wani kwamiti ya sake duba shari'un waɗanda aka kora a yaƙin arewa maso gabas, an mayar da sojoji 3,032 bakin aiki. Ba na yi wa kowa alkawari, amma wanda ya rubuta ya fi wanda ya zauna.

Sauran magana ta cikin gida ce, 'yar'uwa, kuma ta fi kuɗin muhimmanci. Ki kawar da maganin ciyawa da fiya-fiya daga ɗaki, a kai su gidan wani. In akwai bindigar farauta a gidan, a fitar da ita. In ya fara cewa ya gaji da duniya, ko gara a ce shi ne ya mutu a madadin abokansa, ko ya fara rabon kayansa, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa mutum ya aikata, sau da yawa ma ita ke buɗe bakinsa. In ya ce e, ranar za a tafi asibiti, kuma kada a bar shi shi kaɗai. In hannunsa ya fara kai wa gare ki ko ga yara, ki kwashe su ki koma gidanku ko na wani babba har a samu magani ya kama. Yin haka ba guduwa daga jinya ba ne. Maganin irin wannan ciwo yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma ba a yanke shi rana ɗaya don an ji sauƙi.

Ga wani abu da ya shafi yankinmu musamman. Ƙauyukan Kauru sun sha hare-hare da satar mutane, kuma duk garin da ya samu tsohon soja, abu na farko da ake yi shi ne a ce ya zo ya jagoranci 'yan sintiri. Ga mai lafiya wannan shawararsa ce. Ga maigidanki guba ce. Kwanan daji da bindiga a hannu shi ne ainihin abin da ya kwantar da shi, kuma mutumin da ke zabura da ƙarar babur bai kamata a ba shi abin harbi cikin duhu ba. Ki sa yayyensa su faɗa wa mai unguwa haka tun kafin a zo roƙo. Noma, kiwo, ko wata sana'ar hannu mai tsari, da barci a kan lokaci, su ne abokan maganinsa.

Ranar da garatuti ya faɗo za ki ga 'yan'uwan da ba ki taɓa gani ba. Kuɗin nasa ne, ciwo bai cire masa ikon dukiyarsa ba, kada wani ya karɓe katin banki da sunan taimako. Amma ku yi shawara tun kuɗin ba su zo ba, ku biyu da mutum ɗaya da ya amince da shi, a kan abin da za a saya da abin da za a ajiye don jinya.

Game da yayyensa, kada ki tunkare su ke kaɗai, kin san yadda maganar matar ƙani take a gaban manyan wa. Ki nemi wani tsohon soja mai mutunci a garin, irin waɗanda ke cikin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Lijiyon, ki yi masa bayani, shi ya zauna da babban wansu. Abin da za su ƙi ji daga bakinki za su ji daga bakin wanda ya san bariki. Shi kuma maigidan, kada a ce masa za a mayar da shi daji, kada kuma a yaudare shi a ce biki za a je. A ce masa za a je a ga likita a kan rashin barcin nan, kuma ke za ki zauna tare da shi. Ku tafi da katin shaidarsa na soja, da takardar hutun da ya zo da ita, da duk wani magani da yake sha, na asibiti da na gida.